Daga Ranaku Zuwa Maki: Tarihin Kintacen Aikin Manhaja

A 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya nuna cewa lissafin mutum kaza a wata kaza ba ya tsayawa a wannan sana'a: sabon hannu sai an koya masa, kuma yawan ma'aikata yana ƙara yawan tuntuɓa a tsakaninsu. A 1981 Barry Boehm ya fito da tsarin COCOMO, mai auna aiki da yawan layukan da za a rubuta. Har lokacin, a ofishin manaja ake yanke lissafi.

Sauyin ya faro a 1996, a aikin manhajar biyan albashi na kamfanin Chrysler a Amurka, ƙarƙashin Kent Beck. Masu rubuta manhajar da kansu suka riƙa kintatar kowane gutsuren aiki da ranakun da babu katsalandan, sannan a ninka su kamar sau uku don a samu ranakun zahiri. Masu biyan kuɗin aikin suka kasa gane yadda rana ɗaya ke cin uku, sai aka koma kiransu maki. A Fabrairun 2001 mutum 17 suka taru a Snowbird, jihar Utah, suka tsara sanarwar Agile kan irin wannan sabon salon aikin manhaja.

A 2002 James Grenning ya kawo dabarar kati, Mike Cohn ya yaɗa ta da littafinsa na 2005. Kowa zai zaɓi lamba a ɓoye, 1, 2, 3, 5, 8 ko 13, a buɗe lokaci guda don kada ƙarami ya bi bakin babba. Mai lamba mafi girma da mai mafi ƙanƙanta su faɗi dalilinsu, a sake zaɓe. A ganina amfanin yana cikin wannan muhawarar. Manomin Funtua ko Malumfashi da ya taɓa ba da jingar noman masara ya san haka: sai 'yan ƙwadago sun taka gonar, sun ga kaurin ciyawa da taurin ƙasa, kafin a daidaita.

Daga baya wasu manajoji suka mai da makin sandar awo, suna gwada wannan rukuni da wancan, ma'aikata kuma suka koyi kumbura lamba. Wajen 2012 Woody Zuill da wasu suka fara kiran a rage kintacen ko a bar shi. A 2019 Ron Jeffries, wanda ya yi aikin Chrysler, ya rubuta cewa in shi ya ƙirƙiro makin, yana nadamar yadda ake amfani da shi.