Tarihin Binciken Dafin Maciji

Duk manomin da ya taɓa saran rake a fadamun Maƙarfi ko Kudan, ko ya yi girbin dawa a ƙasar Ikara, ba ya bukatar a gaya masa ko mene ne maciji. Ya san kasa mai kwanciya kan hanya, ya san kumurci mai fasa kai ya feso dafi, ya kuwa ji labarin kububuwa, wadda saboda muguntarta ake mata kirari da gobe-da-nisa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani babban sashe na ilmin da likitocin duniya ke aiki da shi yau a kan saran maciji, a nan ƙasarmu aka samo shi.

Can da, in maciji ya sari mutum, sai a nemi gardi ko mai saiwa, a ɗaure, a tsaga, a tsotse. Wanda ya tashi a ce magani ya ci, alhali sau da yawa macijin ne bai zuba dafi ba. Cikin 1894 wani likita Bafaranshe, Albert Calmette, ya nuna cewa in aka riƙa yi wa dabba allurar dafi kaɗan kaɗan, jininta yakan haifar da makari. Daga nan aka soma ɗiban ruwan jinin dawaki ana yi wa mutane allura. Har yau ta wannan hanya ake yi.

To, amma makarin wani maciji ba lalle ya yi wa saran wani aiki ba. Wajen 1970 wani likita Bature, David Warrell, ya zo aiki asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Shi da abokan aikinsa suka duƙufa duba waɗanda aka sara, a Zariya da wajajen Gwambe, suna rubuta abin da kowane dafi ke yi wa jiki. Suka tabbatar dafin kububuwa yakan cinye abin da ke sa jini daskarewa, sai mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da tsohon miki, wani lokaci har cikin kai. In ba makari, ɗaya ko biyu cikin goma sukan rasu. Wata dabara mai sauƙi ta fito daga wannan aiki: a zuba jinin mutum cikin ƙaramar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata. In bai daskare ba, dafi ya shiga, a yi allura. Ba na'ura, ba lantarki, ga shi kuwa har ƙasashen Asiya da ita ake aiki. A Malumfashi ma an bi ƙauyuka ana tambaya, aka buga sakamakon cikin 1980, ya nuna kumurci yakan shiga ɗaki da dare ya sari mutum yana barci.

Sa'an nan sai wani sabon ilmi ya shigo. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya san da haruffa kaɗan ake rubuta kowace magana. Haka jikin kowace dabba yake da nasa rubutu cikin ƙwayoyin halittarsa, da haruffa huɗu kacal, wanda 'ya'ya ke gāda daga iyaye. Cikin 1953 aka gane siffarsa a Kambirij ta Ingila, cikin 2003 aka gama karanta na ɗan Adam, cikin 2013 na wani ƙaton kumurci na Asiya. Da aka karanta sai aka ga dafi ba daga sama ya faɗo ba. Asalinsa abubuwa ne na aikin jiki na yau da kullum, waɗanda rubutunsu ya maimaitu, ya yi ta sauyawa cikin shekaru miliyoyi, har suka zama makami.

Labarin kumurci ya fi ba ni mamaki. Cikin 2021 masanan makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka nuna cewa fesa dafi ya ɓullo sau uku dabam dabam, sau biyu a Afirka, sau ɗaya a Asiya, kuma kowane karo dafin ya sauya ta hanya guda, watau ya ƙara zafi a ido. Ba don farauta ba ne, don ba a kashe ɓera da feshi. Don tsare kai ne daga abokin gaba mai tsayi. Suna zaton kakannin mutane na farko, masu jifa da dutse da sanda daga nesa, suna da hannu a ciki. Zato ne, amma ya zauna daidai.

Su ma dabbobi ba su zauna haka ba. An duba rubutun dage da bushiya da tunku, aka tarar wurin da dafin kumurci ke kamawa a jijiya ya ɗan sauya a jikinsu, kamar an canja kuba, mabuɗi ya kasa shiga. Shi ya sa dage ke cin maciji ya kwana lafiya.

Amfanin wannan ga manomi kuwa, in an san ainihin abin da ke cikin dafi, sai a yi makari daidai da macijin ƙasa. Da dafin macizan Nijeriya aka haɗa EchiTAb, iri ɗaya da jinin tumaki a Birtaniya, ɗaya da jinin dawaki a Kosta Rika. An gwada su kan mutum 400 a asibitin Kaltungo, aka buga sakamakon cikin 2010, duka biyu suka maido da daskarewar jini. Cikin 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Saura dai tsadar allurar, da nisan da ke tsakanin fadama da asibitin da ke da ita.