Tsofaffin Miyagu na Wasan Dungeons & Dragons

A ƙasar Amurka, cikin jihar Wisconsin, akwai wani ɗan gari a bakin tafki ana ce da shi Lake Geneva. A nan ne cikin 1974 wani ƙaramin kamfani mai suna TSR ya buga dokokin wani wasa, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. 'Yan littattafai ne guda uku cikin kwali, an buga dubu ɗaya, ana sayad da kowane kwali dala 10. Yadda a ke wasan kuwa, mutum huɗu ko biyar su kan zauna kewaye da tebur da takarda da fensir. Ɗaya shi ne mai jan labari, saura kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa. In aka zo ga yaƙi sai a jefa waɗansu 'yan ƙwayoyi masu lambobi, wata har fuska 20 gare ta, abin da ya fito shi ne hukunci.

To, wasa irin wannan ba ya daɗi sai da babban abokin gaba. Cikin 1976 aka ƙara wani littafi, Eldritch Wizardry, inda sarakunan shaiɗanu biyu suka fara bayyana, watau Orcus da Demogorgon. Ba Gygax ya ƙago sunayen ba. Orcus tun zamanin Rumawa sunan mai mulkin matattu ne a tatsuniyoyinsu. Demogorgon kuwa labarinsa ya fi ban dariya, gama masana sun tafi a kan cewa kuskuren mai kwafe ne: wani magatakarda yana juyar sharhin waƙar Statius, sai alƙalaminsa ya karkata a kan wata kalmar Girkanci, na baya suka karanta suka ɗauka sunan wani dodo ne mai tsufa. Boccaccio na Italiya ya sa shi cikin littafinsa a ƙarni na 14, har ya mai da shi kakan gumaka. Duk wanda ya taɓa aikin kwafe takardu ya san yadda irin wannan ke faruwa.

Amma a ganina wanda ya fi su duka tsoratarwa a littafin nan shi ne wanda ba a nuna ba. An ambaci wani tsohon matsafi wai shi Vecna cikin 'yan layuka kaɗan, aka ce ya hallaka, ba abin da ya rage sai hannunsa da idonsa. Jarumin da ya ke son ƙarfin hannun sai ya datse nasa ya liƙa wannan a gurbin, kuma daga ranan nan mugunta ta fara cinsa ke nan. Sunan ma juya haruffan sunan Jack Vance aka yi, marubucin da Gygax ya ke so. Dubi dabarar: ba a ce wa mai wasa ga dodo ka kashe ba, an ajiye masa mugun abu ne a gabansa, an bar shi da kwaɗayinsa.

Wata al'ada ta tsofaffin littattafan nan ita ce mugun yana ɗaure tun fil azal, wauta ko haɗamar mutane ke kwance shi. Haka Tharizdun ya ke a littafin 1982, haka Zuggtmoy a ƙarƙashin haikalin da aka buga labarinsa cikin 1985. Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya zai tuna da masunci da ifiritun da ya tarar cikin tulu a hatimce, kuma lalle ifiritai da aljannu suna cikin wasan tun bugun fari.

Sai dai tsofaffin dokoki suna da wata illa. Kome sai sun auna shi da lamba. A Monster Manual na 1977 an ba Orcus awon rai 120, Demogorgon 200. Cikin 1980 littafin Deities & Demigods ya ɗauko Cthulhu, dodon da H. P. Lovecraft ya buga labarinsa a 1928, wanda a ke cewa ganinsa kawai ya kan zautar da mutum, ya ba shi 400. Abin da aka ƙidaya ransa kuwa ana iya rage shi, sabo da haka samari suka zauna suna lissafin sara nawa zai gama da shi. An cire Cthulhu daga bugun baya, don kamfanin Chaosium ya sami izinin sa shi a wasa. Su kuwa da suka fitar da nasu, Call of Cthulhu, cikin 1981, Sandy Petersen ya bi wata hanya dabam: ya sa wa hankalin jarumi awo, kome ya ƙara sani game da dodannin sai hankalin ya ragu. Wannan ya fi kusa da nufin Lovecraft nesa ba kusa ba.

Daga nan sai rigima ta taso daga waje. Waɗansu iyaye da masu wa'azi a Amurka suka ce wasan yana koya wa yara tsafi. Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983, maganar har ta kai talabijin a shirin 60 Minutes cikin 1985. TSR ta ji tsoron kasuwarta. Da ta fitar da bugu na biyu na manyan dokokin a 1989 sai ta share shaiɗanun ɗungum. Cikin 1991 suka komo da sababbin sunaye, tanar'ri da baatezu, ga ƙaho ga fiffike kamar da, suna kaɗai aka sauya. Orcus ma an ce an kashe shi, sa'an nan aka ta da shi a 1997, shekarar da Wizards of the Coast suka sayi TSR. Bugu na uku, na 2000, ya mayar musu da sunayensu na asali.

Vecna fa? Shi girma ya yi ta yi. An ba shi littafi nasa a 1990, aka ɗaukaka shi cikin gumakan wasan, aka ara sunansa a fim ɗin Stranger Things cikin 2022, aka sake yi masa wani littafin a 2024. An zana fuskarsa, an rubuta tarihinsa, an ƙidaya ransa. Gygax bai ga ƙarshen wannan ba, ya rasu a 2008, Arneson ya bi shi a 2009. Tun 2006 kuwa waɗansu masu wasa suka fara sake tsara tsofaffin dokokin da kansu suna bugawa, irin su OSRIC, don su koma zamanin da labarin mugu bai wuce layi kaɗan ba, sauran kuwa mai jan labari ya cika da bakinsa.