Habaici da Muhallinsa: Matsalar Gano Ma'ana a Waƙoƙin Baka na Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda manazarta ke fito da ma'anar waƙoƙin da suka yi tashe, ta kafa hujja da waƙoƙin fada da na Alhaji Mamman Shata. Ra'ayinta shi ne ɗiyan waƙa da aka juye a takarda ba su isa su bayyana manufar makaɗi ba, musamman inda zambo da habaici suke.

1.0 Gabatarwa

Tun da Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, nazarin waƙar baka ya samu gindin zama a jami'o'inmu. Daga baya Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), ya shimfiɗa hanyar da ɗalibai ke bi har yau: a faɗi salsalar waƙa, a gano turkenta da tubalan gininsa, sannan a shiga salo. Hanyar ba ta da laifi. Laifin na masu binta ne, domin da yawa sukan tsallake salsala da layi biyu, su ruga wajen turke, alhali can aka binne rabin ma'anar.

2.0 Habaici a Ƙofar Fada

Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo ba kasafai sukan ambaci sunan wanda suke yi wa zambo ba. A ɗauki ranar Sallah a ƙofar fada. Sarki na zaune, hakimai da 'ya'yan sarki sun kewaye shi. Makaɗi ya gama wasa ubangidansa, sai ya jefo ɗa guda a kan wani marowaci mai dogon wuya, 'yan amshi su karɓe. Ba a kira kowa ba, amma fadawa sun sunkuyar da kai suna murmushi, don sun san da ɗan sarkin da ya nemi gadon sarauta ya rasa ake. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ɗalibin da ya tsinci wannan ɗa a kaset bayan shekara 50 zai rubuta cewa an soki rowa, ya wuce. Bai yi ƙarya ba, amma rikicin sarautar da ya haifi maganar ya kuɓuce masa.

3.0 Shata da Sauyin Zubi

Lamarin Shata ya fi haka wuya, saboda ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Bakandamiyarsa kaɗai tana da zubi daban-daban, gwargwadon wurin da aka yi ta da mutanen da ke gabansa. Saboda haka duk hukuncin da aka yanke daga zubi guda, na wannan zubin ne kawai. Ga kuma waƙarsa Gagarabadau, wadda masu sauraro suka daɗe suna ja-in-ja a kan wanda aka yi wa ita. Shata ya rasu a watan Yunin 1999, kuma mafi yawan abin da ake yaɗawa game da ita yanzu ji-ta-ji-ta ce (abin takaici, takan shiga kundayen digiri ba tare da an tace ta ba).

Waƙoƙin situdiyo ma ba su tsira daga wannan matsala ba. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta soyayya ce, amma da matan aure suka riƙa taka rawarta gaban mazajensu suna ɗorawa a intanet lokacin kullen korona a 2020, sai muhawarar ta koma kan tarbiyya. A nan masu sauraro ne suka ɗora wa waƙar wani nauyi, kuma wajibi ne manazarci ya bambance shi da nufin mawaƙin.

4.0 Shawara

Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su wajabta wa ɗalibi kwatanta aƙalla zubi biyu na waƙa, tare da bayyana inda aka rera kowanne da dalilin rerawar. Sannan a gaggauta tattaunawa da 'yan amshi da makaɗan kalangu da na kotso da suka rage, a naɗi bayanansu tun suna raye.