Injin feshin dusar ƙanƙara na tarakta

Injin feshin dusar ƙanƙara na tarakta wani inji ne da ake ɗaura wa tarakta domin ya kwashe dusar ƙanƙara daga kan hanya ya watsa ta can nesa. An fi amfani da shi a wuraren da ake tsananin hunturu, kamar Kanada da arewacin Amurka da Finlan da Norwe. Ya bambanta da garmar ture dusa, wadda tura dusar gefe kawai take yi har ta taru ta matse hanya. Ana ɗaura injin ko dai a gaban tarakta ko a bayanta, kuma wannan zaɓi ne ke yanke irin zaman da matuƙi zai yi na tsawon sa'o'in aiki.

Tarihi

Ana danganta injin farko da ya yi aiki sosai a kan titi ga Arthur Sicard, mutumin yankin Montreal a Kanada, wanda ya kammala nasa a shekarar 1925. A 1927 garin Outremont ya sayi ɗaya. Injin Sicard a gaban babbar mota yake. Abin da ya kawo irin wannan inji gonaki shi ne maɗaurin baya mai hannu uku wanda Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926, wanda daga baya ya zama ruwan dare a taraktoci.

Yadda yake aiki

Yawancinsu mataki biyu suke da shi. Da farko wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke kwance a bakin injin yana juyawa, yana farfasa dusar yana tattara ta zuwa tsakiya. Daga nan wata fanka mai saurin gaske ta ɗebe ta ta cilla ta cikin bututu, wanda matuƙi ke iya juya bakinsa hagu ko dama. Ƙarfin juyin daga injin tarakta yake zuwa, ta wata sandar juyi da ake kira PTO, wadda a baya ta saba juyawa sau 540 a minti. Akwai kuma wata ƙusa da aka yi ta da gangan don ta karye idan injin ya haɗiyi dutse ko icce, gudun kada giya ta lalace.

Na baya

Shi ya fi yawa kuma ya fi araha, domin kusan kowace tarakta tana da maɗauri da sandar juyi a baya. Nauyinsa yana danna tayoyin baya, abin da ke rage santsi, sannan gaban tarakta yana nan da cokalinta na ɗibar kaya don fasa dusar da ta daskare.

Matsalarsa ita ce bakinsa baya yake kallo, don haka da baya da baya ake aikin. Matuƙi yakan murɗa ƙugu da wuya yana waige, hannu ɗaya a sitiyari, ƙafa a kan kuloci ko burki, ga jijjigar tarakta. Minti goma a ƙofar gida ba wani abu ba ne. Amma ga mai share doguwar hanyar gona da asuba, ko wanda sana'arsa ke nan, ciwon wuya da na gadon baya su ne ƙorafin da aka fi ji, musamman daga manoma masu shekaru. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne giyar ribas. A tsofaffin taraktoci da yawa ta yi wa wannan aiki sauri, injin ya cika ya toshe, matuƙi ya dinga taka kuloci. Taraktocin da ke tafiya da matsin mai, waɗanda ake rage musu gudu sannu a hankali ba tare da injin ya sassauta ba, sun rage wannan wahala. Madubai da kyamarar baya da kujera mai ɗan juyawa suna taimakawa, amma ba su hana waige gaba ɗaya.

Na gaba

A nan matuƙi yana zaune daidai, yana ganin gefen hanya da duk abin da ke gabansa. Ta fuskar jin daɗin jiki babu tantama ya fi. Sai dai da tsada. A ƙananan taraktoci sai an saka ƙarin firam da sandar juyi ta tsakiya, kuma galibi sai an cire cokalin gaba tsawon hunturu. Sau da yawa firam ɗin na samfurin tarakta ɗaya ne, idan an canza tarakta ba lalle ya shiga sabuwar ba. Akwai kuma iska: idan ta juyo, garin dusar da aka fesa kan matuƙi yake dawowa. Shi ya sa ɗakin matuƙi mai gilashi da na'urar ɗumama wuri yake da muhimmanci kusan kamar wurin da aka ɗaura injin.

Wasu hanyoyin

A lardin Kebek masu kwangilar share ƙofofin gidaje sun rungumi wani nau'i da ake ɗaurawa a baya amma bakinsa na kallon gaba, irin wanda kamfanonin Pronovost da Normand ke ƙerawa. Matuƙi yakan matsa da baya har bakin gareji, ya sauke injin, ya ja shi yana tafiya gaba. Iyakarsa ita ce tarakta ke fara taka dusar, don haka bai dace da wurin da ta yi zurfi ƙwarai ba.

Wasu kamfanoni kuwa matuƙin suka juya maimakon injin. Versatile na Winnipeg ya fitar da tarakta a 1977 wadda kujerarta da sitiyarinta ke juyawa su kalli kowane ɓangare, Valtra na Finlan kuma yana sayar da tsarin TwinTrac, mai sitiyari na biyu a bayan ɗakin matuƙi.