Alayyahu mai ƙaya: ɗan gari ne ko baƙo?

Hirarmu ta yau kan wani haki ce da kowa ya sani daga Tama har Buza da Madawa, wato alayyahu mai ƙaya. Yana fita bisa juji, da bakin garka, da makwantar bisashe. Ku duba gindin ganyensa, za ku ga ƙaya biyu.

To, wannan haki baƙo ne. Asalinsa ƙasashen zafi na Amurka. Bayan da jiragen ruwan Turawa suka isa can a 1492, masara da rogo da gujiya suka ƙetaro teku. Ciyayi ma suka biyo su, ba wanda ya gayyace su. Kashin yawo ma daga can ya zo.

Ƙaƙa aka san haka? Masana tsirrai suna da dabara. Sai su tsinko tsiro, su danne shi tsakanin takardu har ya bushe, su manna shi, su rubuta sunansa da wurin da ranar. In an gwama tsofaffin takardu da sababbi, sai a ga inda aka fara samunsa da yadda ya bazu. Amma ku lura, takarda tana faɗin ranar da aka tsinke shi ne, ba ranar da ya sauka ba.

A 1753 Linnaeus, mutumin Suwidin, ya raɗa masa suna Amaranthus spinosus. Daga 1905 wani likita ɗan Sikotlan, Dalziel, ya yi aiki a Arewacin Nijeriya. Ya tara tsirrai a Sakkwato da Katagum, ya aika da su gidan ajiya na Kew, kusa da Landan. A 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, sunayen da ya ji daga bakin mutanen ƙasa. A 1976 Peyre de Fabrègues da Lebrun suka fitar da jerin tsirran Nijar.

Ƴan'uwa manoma, gindi guda yana zubar da dubban ƴaƴa, saboda haka ku cire shi kafin ya yi iri. Kuma ku tambayi tsofaffi sunayen hakukuwan gonarku da shekarar da suka fara ganinsu, ku rubuta. Abin da ke baki kaɗai, ranar da tsoho ya kau ya tafi da shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.