2.3 Asalin Makarantun Jinyar Hali a Ingila, 1939 zuwa 1981

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana yadda aka fara kallon kangarewar yaro a matsayin rauni mai buƙatar jinya a ƙasar Ingila. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yaron da ya gagari iyaye da malamai yakan ƙare a gaban alƙali. Dokar yara ta 1933 ta tanadi makarantun horo, inda tsare da bulala da aikin ƙarfi suke cikin hanyoyin gyara.

Yaƙin ne ya kawo sauyi. A watan Satumba na 1939 gwamnati ta kwashe kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi daga Landan da sauran manyan birane zuwa karkara saboda tsoron bama-bamai, kuma mafi yawansu yara ne. Ba a daɗe ba masu riƙo suka fara kuka da wasu yaran saboda fitsarin kwance da sata da faɗa da gudu daga gida. Wannan ya tilasta buɗe gidajen kwana na musamman domin waɗanda kowa ya ƙi karɓa. A gundumar Oksfod likita Donald Winnicott ne ya zama mai ba ma'aikatan irin waɗannan gidaje shawara.

Har ila yau, a 1944 John Bowlby ya buga bincikensa a kan yara arba'in da huɗu masu sata. Ya gano cewa goma sha huɗu daga cikinsu ba sa iya shaƙuwa da kowa, kuma goma sha biyu daga waɗannan an raba su da uwayensu na dogon lokaci tun suna ƙanana. Wato dai abin da ake kira taurin kai sau da yawa tabo ne na rabuwa. A 1945 ƙa'idojin ma'aikatar ilimi suka lissafa rukuni goma sha ɗaya na yara masu buƙatar kulawa ta musamman, ciki har da waɗanda suka kasa daidaita da zaman jama'a.

Misali mafi fito da wannan sabon tunani shi ne makarantar Mulberry Bush, wadda Barbara Dockar-Drysdale ta kafa a 1948 a ƙauyen Standlake. Ta fara ne da kula da yara a gidanta lokacin yaƙi. A ganinta, akwai yaran da ta kira daskararru, wato waɗanda ba su samu renon farko ba, don haka tsawa da nasiha ba sa ratsa su. Maganin da ta tsara shi ne a mayar wa yaro abin da ya rasa. Ma'aikaci guda zai lizimce shi wajen ci da wanka da kwanciya, ya jure fushinsa ba tare da ya kore shi ba. Sai yaro ya amince da babba sannan karatun aji yake shiga.

Sai dai kuma tsarin bai tsira daga suka ba. Yana da tsada, guraben kaɗan ne, sannan wasu suna ganin ana maganin rabuwa da wata rabuwar, tunda makarantun na kwana ne. Rahoton Warnock na 1978 ya ba da shawarar a daina kasa yara rukuni-rukuni, a kuma koyar da mafi yawansu tare da sauran yara. Dokar ilimi ta 1981 ta tabbatar da hakan.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tsakanin 1939 da 1981 alhakin kangararren yaro ya fara barin hannun alƙali shi kaɗai, malami da likita suka shigo ciki. Sashe na gaba zai duba irin horon da ake bai wa ma'aikatan waɗannan makarantu.