Murray Last: Daga Takardun Waziri Zuwa Ƙwaryar Magani

Mutumin Jega da ke son sanin asalin garinsu ba zai tsallake Gimbana ba. A can ne rundunar Gobir ta afka wa jama'ar Malam Abdussalami a 1803, lamarin da ya ƙara rura wutar jihadi. Daga baya malamin ya yi wa Muhammadu Bello tawaye a Kware, aka ci garin a 1818, ɗan malamin, Buhari, kuma ya zo ya kafa Jega. Cikin masanan da suka zauna suka warware tarihin wannan zamani daga takardun Larabci har da Baturen Ingila, Murray Last.

Hanyarsa ba miƙaƙƙiya ba ce. Bayan Kambirij ya tafi Jami'ar Yale a Amurka, inda ya haɗa tarihin Sin da na Afirka. Daga nan sai Ibadan, hannun H.F.C. Smith, wanda ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. Shi ya tura Last zuwa Sakkwato, wurin Waziri Junaidu. Last ya duƙufa kan wasiƙu da littattafan gidan waziri maimakon dogaro da rahotannin 'yan mulkin mallaka kawai. Ya sami digirin digirgir a 1964, littafinsa The Sokoto Caliphate ya fito a 1967, daga baya aka fassara shi da sunan Daular Sakkwato.

Sai ya yi abin da ba kowane masanin tarihi ke yi ba: ya bar fada ya koma ƙauye. Ya tare a gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi yana nazarin ciwo da magani, bori da iskoki, da yadda dangi ke ɗawainiya da mai taɓin hankali. A 1981 ya nuna cewa yawancin marasa lafiya ba su damu da sanin ka'idar magani ba. Sauƙi suke nema, a hannun boka ko malam ko likita.

Duk wanda ya ga yadda ake kawo masu karaya wurin maɗoran Aliero daga nesa, alhali ga asibitoci a kan hanya, ya san Last ya gano gaskiya.

Ya koyar da tarihi a Jami'ar Bayero ta Kano, sannan ya koma Landan ya zama farfesan nazarin al'umma, ya kuma daɗe yana editan mujallar Africa.